Tambayi Goggo: Doka ta zo a mota, taimako na tafe a ƙasa

Assalamu alaikum. Ruwa ya sauka a Garwa, nan arewacin Kamaru, mun ɗan samu sa'ida bayan zafin da ya gasa mu cikin azumi. Saƙonnin wannan wata na Yunin 2021 sun fi ƙarfin shafin, kuma kusan duk da sunan korona suka zo, ko da yake in an karanta a tsanake ba cutar ce ta hana masu su barci ba. Jikata ce ke karanta mini na WhatsApp, idona ya daina jituwa da ƙananan rubutu. Na cire sunaye kamar kullum, na kuma datse masu tsawo.

Tambaya: Goggo, barka da aiki. Ni ɗan kilando ne, wato ɗan acaɓa, a Marwa. Mashin ɗin ma ba nawa ba ne, kullum da yamma sai na kai wa mai shi kuɗin yini. Bara an tare ni sau uku don ban sa takunkumi ba, kowane karo sai da jaka ɗaya ta fita kafin a mayar mini da makulli, kuma babu rasit. Yanzu muna ji a rediyo wai an cinye kuɗin korona a Yawunde. A tasharmu kowa ya yanke cewa cutar nan babu ita, kasuwa ce manya suka buɗe. Ke da kika yi aikin asibiti, tsakaninki da Allah, akwai ta?

Amsa: Ɗana, akwai ta. Ba a rediyo na ji ba.

A watan Maris na bana, wajen ƙarfe biyu na dare, aka buga mini ƙofa. Maƙwabcina ne, tsohon tela, wanda ya ɗinka wa 'ya'yana kayan makaranta tun suna firamare. Na same shi zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyinsa, don in ya kwanta numfashi ƙwace masa yake yi. Na ɗora agogo na ƙirga, numfashi arba'in a minti ɗaya. Na maƙala masa ɗan abin nan na yatsa mai auna iskar da ke cikin jini, da nake ajiye da shi tun ina aiki, ya nuna 78, alhali mai lafiya ba ya sauka ƙasa da 95. Yana so ya karanta Fatiha, sai ya yanke a kowace aya ya nemi iska. Shekara 31 na yi ina jinya, na san zazzaɓin cizon sauro, na san asma, wannan dabam ne. Gwaji ya tabbatar. Kwana huɗu ya yi. Allah ya jiƙansa.

Batun kuɗi kuma, kunnenku bai yi ƙarya ba. Gwamnati ta ware asusu na musamman na sefa biliyan 180 don yaƙi da cutar. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Kamaru rancen dalar Amurka miliyan 226 a watan Mayun 2020, ya ƙara miliyan 156 a Oktoba. A watan Mayun 2021 taƙaitaccen rahoton sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya ɓulla, aka ga an rubuta cewa kayan gwajin da za a iya saye wajen mai yin su a kan sefa 7,000 da 'yan kai, an saye su 17,500 kowane ɗaya. Har zuwa Yunin 2021 kotu ba ta yanke wa kowa hukunci ba, don haka ba zan kira sunan kowa ɓarawo ba. Amma rance ne, kuma kai da 'ya'yanka za ku biya, a kuɗin mai, a kuɗin sukari.

Sai dai ka gaya wa abokanka na tasha: in an sace kuɗin gaisuwar mutuwa, ba shi ke nuna mamacin yana raye ba.

Na san abin da ke cin ku, kuma ya fi maganar akwai ko babu. Ranar 17 ga Maris 2020 firaminista Joseph Dion Ngute ya karanta matakai 13: a rufe iyakoki, a rufe makarantu, kada a tara mutum fiye da 50, kada a yi lodi fiye da ƙima. Washegari dokar ta riga ta iso mahaɗar Domayo ta Marwa da sandarta. Ranar 13 ga Afrilu takunkumi ya zama dole, shi ma bai ɓata hanya ba. Taimako fa? Sai 30 ga Afrilu aka sanar da shi, kuma duba wa ya nufa. An ɗaga kuɗin tallafin iyali daga sefa 2,800 zuwa 4,500 kan kowane yaro, abu mai kyau, amma na mai albashi ne, wanda ke da lamba a CNPS, asusun fansho da tallafin ma'aikata. Kamfanoni sun samu sassaucin haraji. Ku 'yan mashin an yafe muku harajin sana'a da na tsayawa na wata uku, Afrilu zuwa Yuni, kamar yadda aka yafe wa mata masu sayar da kayan miya kuɗin wurin zama a kasuwa. To ina tambayarka, wa ya gaya maka? Kuma da yake mashin ɗin ba naka ba ne, wannan rangwame aljihun mai shi ya faɗa. Ko sisi ya rage maka a kuɗin yini?

A ganina, hukumar da ta ce a rufe hanci ita ya kamata ta fara miƙa ƙyallen kafin ta miƙa hannu. Telolin babbar kasuwar Marwa kaɗai, da an ba su yadi da ɗan kuɗin aiki, da sun rufe hancin garin cikin mako biyu, su ma sun samu na cefane.

Abin da za ka iya yi ƙarami ne, amma yi shi. Tara tana da rasit. Kuɗin da ba shi da rasit sunansa dabam. Kai kaɗai in ka ce a ba ka, wataƙila mashin ya kwana a can. In ƙungiyarku ta je gaba ɗaya wurin hukuma ta nemi a liƙa takardar da ta faɗi adadin tarar, magana ta canja. Takunkumi kuwa sa shi. Mutum talatin ke hura maka numfashi a ƙeya kowace rana, da dare kuma ka shiga ɗakin mahaifiyarka gaisuwa.

Tambaya: Goggo, ina yini. Mijina yana tsare tun watan Nuwamba 2019 kan rigimar kuɗin wani ɗan kasuwa da yake yi wa aiki. Har yau ba a yanke masa hukunci ba, kullum sai a ɗaga. Bara da aka ce shugaban ƙasa ya yi afuwa saboda korona, na yi girki na je bakin ƙofa na yini. Mutane suka yi ta fitowa, har da waɗanda laifinsu ya fi wanda ake zarginsa da shi, shi shiru. Ƙosai nake toyawa, da shi nake ciyar da yara huɗu, da shi nake kai masa abinci. Me ya sa aka tsallake shi?

Amsa: 'Yata, sannu. Wannan yinin naki a bakin ƙofa da kwano a hannu ya tsaya mini a rai.

Ga dalilin, kuma ba mai daɗi ba ne. Umarnin da shugaban ƙasa Paul Biya ya sa wa hannu ranar 15 ga Afrilu 2020 na rage wa'adi ne. Ba a rage wa'adin da ba a yanke ba. Wanda alƙali ya riga ya ce shekara kaza, an cire masa wani abu, in saura kaɗan ne ya fita. Mijinki, da doka ke ɗaukarsa marar laifi har yanzu, ba shi da abin da za a rage. Irinsa kuwa su ne fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan. Ashe an buɗe ƙofa don a rage cunkoso, amma an buɗe ta ta gefen da mutane suka fi ƙaranci. Na taɓa shiga irin ɗakunan nan lokacin da nake aiki, an kira mu kan ƙaiƙayi da gudawa. Mutane na kwance kai da ƙafa, in ɗaya zai juya sai ya tashi na kusa da shi. Wai a can ake cewa a bar tazarar mita ɗaya.

Yanzu saurara da kyau, ko ki ba wani ya kwafe miki. Sashe na 221 na dokar shari'ar laifuka ya ce tsarewar da alƙalin bincike ya yi umarni da ita ba ta wuce wata 6. Ana iya ƙara wata 6 in ƙaramin laifi ne, wata 12 in babba ne. Ƙarshenta ke nan: shekara ɗaya, ko wata 18. Abu na farko, ki gano a ina takardunsa suke. Har yanzu suna hannun alƙalin bincike, ko an riga an miƙa shi gaban kotu ana ta ɗagawa? In na farko ne, wa'adi ya wuce, kuma sashe na 584 ya ba da damar a kai kuka gaban shugaban babbar kotun yanki a nemi sakinsa nan take. In na biyu ne, a nemi beli, a kuma matsa a sa rana. Akwai dokar 2009 da ta tanadi taimakon lauya ga wanda ba shi da hali. A sakatariyar kotu ake shigar da buƙata. Za a ce ki kawo takardar shaidar rashin hali. E, na sani, talauci ma sai da takarda.

Kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da wani cikin danginsa mai jin Faransanci. Kuma duk wanda ya tare ki a harabar kotu ya ce kawo jaka hamsin ya san mutum a ciki, riƙe kuɗin ƙosanki.

Tambaya: Goggo, daga Njamena nake rubutowa. Bara an ce ruwa kyauta ne. Mu a unguwarmu babu famfo, wurin 'yan garuwa muke saye, kuma ko sisi bai sauka ba. Wannan wane irin kyauta ne?

Amsa: Ƙanena, kyautar mai famfo ce. A watan Afrilun 2020 shugaban Chadi na lokacin, marigayi Idris Deby, ya ce gwamnati ta ɗauki kuɗin ruwa na wata shida, na wuta kuma wata uku ga masu ƙaramin amfani. Ban raina ba, mu a Kamaru, wannan gefen gadar Ngeli da ta haɗa mu da Chadi, ko wannan ba mu gani ba. Amma ɗan garuwa ba ruwa yake sayar maka ba, ƙarfinsa yake sayarwa, turin kura cikin rairayi da rana, kuma shi ba wanda ya yafe masa kuɗin gero. Kada haushinka ya sauka a kansa.

A 2010 ina aiki wajen Mokolo lokacin da kwalara ta yi mana ɓarna. Abin da muke faɗa wa mutane a lokacin shi ne a wanke hannu da sabulu. Bayan shekara goma korona ta zo, muka koma da wannan wa'azin ƙauyukan nan, muka tarar da matan suna tona rairayin mayo, wato busasshen kogi, suna jiran ruwa ya tsattsafo cikin ƙwarya. Bokitai masu famfo da aka jera a ƙofar ofisoshi na gani da yawa. Bayan wata biyu rabinsu ƙura ce a ciki.

Tambaya: Goggo, ƙanwata shekararta 14. Da aka rufe makarantu bara sai aka ɗora mata tallan gyaɗa, don baba fatauci yake yi ta kan iyaka kuma komai ya tsaya. Ta koma aji a Oktoba, tana ƙoƙari, amma aka ce ba za ta zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare ba saboda ba ta da takardar haihuwa. Yanzu kawu ya kawo wani mai shago, an ce bayan Babbar Salla. Kuka take yi kullum. Ni an aurar da ni ina 15, na san abin. In na yi magana a ce ba ni da kunya. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, kin riga kin yi magana, tunda kin rubuto.

Lokacin da aka rufe makarantu, masu jarrabawa sun koma ranar 1 ga Yuni, sauran sai Oktoba. Kusan wata bakwai. An ce yara su bi darasi a CRTV, talabijin na gwamnati. Na yi dariyar takaici ranar da na ji, don na san gidajen da fitilar waya ce hasken dare. Ɗan mai hali ya zauna gaban allo, 'yar talaka ta ɗauki faranti. Ba wanda ya ƙirga irin ƙanwarki cikin waɗanda korona ta kama, alhali ta kama ta.

Doka tana bayanku. Sashe na 356 na dokar laifuka ta 2016 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya tilasta wa wani aure, ya kuma haɗa da wanda ya aurar da yaro ko yarinya da ba su kai 18 ba. Amma ban ce ki shiga zauren mahaifinki da lambar sashe a baki ba. Ranar za a rufe miki ƙofa, a matso da bikin. Mahaifinku ba mugu ba ne, baki ɗaya yake son ragewa a kan tukunya. Wannan bai sa abin ya zama daidai ba, amma ya nuna miki inda za ki taɓa. Nemi wadda yake jin nauyinta, yayarsa ko gwaggonsa. Ku je wurin limamin da kuka san yana faɗin cewa ba a aurar da budurwa sai da yardarta, don haka yake a addini, kuma yarinyar da ke kuka dare da rana ba ta yarda ba. In ke da mijinki za ku iya ɗaukarta ta zauna wurinku shekara ɗaya, ku faɗa a fili, wannan ya fi wa'azi goma.

Ku kuma gaya musu abin da na gani. Na karɓi haihuwar yara masu shekarunta. Ƙugu bai buɗe ba, naƙuda ta kwana biyu, jariri ya tafi, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Mijin da ya matsa a ba shi, sau da yawa shi ne na farkon daina zuwa dubiya.

Takardar haihuwa ana samunta. In yaro ya wuce wa'adin da doka ta sa ba a yi masa ba, sai ta hanyar kotu, da shaidu da takardar likita mai ƙiyasta shekaru. Je ki ofishin kula da jin daɗin jama'a na yankinku ki tambaya, wani lokaci alƙalai kan fita zaman ƙauye a yi wa yara da yawa a tashi ɗaya. In duk an bi an ƙi ji, wannan ofishin dai shi ne inda za ki kai ƙara, kuma kada ki jira sai an kawo lefe.

Tambaya: Hajiya Goggo, surukata ta rantse in na yi allurar korona ba zan ƙara haihuwa ba, wai Turawa ne ke son rage mu. Ni malamar makaranta ce a Gidar. In yi?

Amsa: Ni dai na yi, a ƙarshen Afrilu. Dantsena ya yi tsami, na kwana ɗaya da zazzaɓi, washegari na daka yajina. Za ki ce ai Goggo ta gama haihuwa. Gaskiya ne. To miliyoyin mata sun yi a ƙasashen da suka ƙera ta, kuma ba a ga ta hana ɗaukar ciki ba. In kina da ciki yanzu ko wata cuta, faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ya tsira miki.

Kada ki yi wa surukarki dariya, tsoronta yana da asali. A 1996, lokacin sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a. A Afrilun bara wasu likitoci biyu suka zauna a talabijin a Faransa suna cewa me zai hana a gwada a Afirka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ki tuna mata da ɗaya gefen: da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta tsallako har Kamaru da Chadi, 'ya'yanmu ne suka shanye, ba na Turawa ba. Da aka dage da ɗigon, a watan Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ki kuma yi mata lissafi. Ranar 11 ga Afrilun 2021 allura 200,000 ta Sinopharm ta sauka daga Sin, bayan kwana shida 391,200 ta AstraZeneca ta biyo ta COVAX, shirin raba allurar ga ƙasashen duniya. Kowa sau biyu ake yi masa, ke nan ba ta kai ta mutum 300,000 ba, a ƙasar da ta haura miliyan 25. Masu kuɗi sun saye tun tana masana'anta. Tun Oktoban 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka fara roƙon a sassauta haƙƙin mallaka kowa ya ƙera, Amurka sai a Mayun 2021 ta ce ta yarda, Jamus kuwa a lokacin ta ce a'a. Da guba ce, 'yata, da ba su yi mana rowarta ba.

Tambaya: Hajiya, da can muna karanta shafinki don maganin basir da hawan jini. Yanzu kin mayar da shi dandalin 'yan adawa. Annoba daga Allah take, talaka da mai kuɗi duk ɗaya ne a gabanta. Ki bar siyasa ga masu ita. Ni ɗan kasuwar albasa ne, shekarata 60.

Amsa: Alhaji, na gode, kuma na girme ka da shekara bakwai, don haka ka yi haƙuri da ni.

Annoba daga Allah take, babu musu. Farashin kayan gwaji kuwa mutum ne ya rubuta shi da biro. Ba ni da katin kowace jam'iyya. Amma da aka kama matasa shida a kasuwar Yawunde a watan Mayun 2020 suna raba takunkumi da man wanke hannu kyauta, don kawai shirin na ɗan adawa Maurice Kamto ne, na ce ba daidai ba ne, kuma da na jam'iyya mai mulki aka kama haka zan faɗa. Hancin da aka rufe bai san wa ya saya ba.

Ka san tarihi ya fi ni. A shekarar yunwa Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun samu, cikinsa na ƙugi, fatarsa ta sauya. Bai ce wa mutanen Madina yunwa daga Allah take, kowa ya yi ta kansa ba.

Maganin basir yana nan tafe a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Kafin nan ina da tambaya, tunda yau ni ma na samu wanda zan tambaya. Makonnin nan na bara da motocin Duwala suka ragu, albasa ta yi ta ruɓewa a rumfa, yaran da ke yi maka dako suna cika buhu, ka ci gaba da ba su wani abu, ko ka ce su je sai kasuwa ta buɗe? Rubuto mini, zan buga amsarka yadda ka aiko ta, ba zan cire ko wasali ba.